Kaskon Wutar da Rana Ta Aika wa Shuɗiya

"Ga ta nan, ga ta nanku, yau daga sama na tsinko ta."

"Ta zo mu ji ta, Iya, ko da zafinta!"

Yawwa. Ku kwanta rigingine ku dubi sama, don ta yau da ido ake jin rabinta. Shekarau, sauke ƙafarka daga cinyata, ni ba turmi ba ce. Ke kuma Ladidi, na gan ki can jikin rumbu kin ba mu baya, kin bar tuwonki yana sandarewa, wai don babarki ta tafi birni karatun ungozoma, wata biyu ba saƙo. To, yi zamanki. Ban ce ki zo ba, amma na san kunnenki yana nan.

An yi wata tsohuwa mai murhu, sunanta Rana. Murhun nan tun da aka hura shi bai taɓa mutuwa ba, ita kuma ba ta taɓa tashi daga gabansa ba. 'Ya'yanta takwas. Da suka tasa sai ta yanka wa kowa hanyarsa, hanya mai kewaya gidanta, wata a bayan wata. Ta ɗaura wa kowannensu zare a ƙugu, zaren da ido ba ya gani, ta tattara bakin zaren ta riƙe a hannunta. Ta ce, "Ku yi ta kewaya ni. Kada wanda ya bar hanyarsa. Ni ma ba zan gusa ba, don in na gusa duk kun watse."

Huɗun da ke kusa da ita ƙanana ne, masu ƙasa da duwatsu. Huɗun da ke nesa ƙatti ne, jikinsu duk iska da sanyi, ba inda mutum zai taka. Kuma ko ɗayansu ba shi da fitilar kansa. Duk hasken da kuka ga suna yi, na uwarsu ne ya sauka a kansu.

Sunayen biyar daga cikinsu kakanku Malam ne ya koya mini, Allah ya jiƙansa, yana nuna mini su da carbi a hannu. Ɗaya kuma ita ce Duniya, ga mu nan kwance a bayanta. Biyun ƙarshe kuwa sai da yayarku Lantana ta karanto mini a littafin makarantarsu.

Ta takwas ɗin littafi ya ce Naftun, amma a gida Shuɗiya ake ce mata, don zanenta shuɗi ne shar kamar yanzu aka tsamo shi daga marina. Hanyarta ce ta ƙarshe. Kafin ta kewayo uwarta sau ɗaya tak, mu nan mun ga damina ɗari da sittin da biyar. Gidanta duhu, gidanta sanyi, iskar da ke kaɗawa a can kuwa babu irinta a gidan kowa. In ta ɗaga kai ta nemi uwarta, ba ta ganin murhu, ba ta ganin fuska, sai wani ɗan haske ƙyal kamar fitilar matafiyi a ƙarshen fadama.

Sai yarinya ta fara saƙe-saƙe. Ta ce a ranta, "Inna ta manta da ni. 'Ya'ya bakwai sun ishe ta." Ta kai hannu ƙugu ta fara tsintsinar ƙullin zaren. Ƙulli uku ne. In ta kwance su duka, za ta sulale cikin babban duhun da ke bayan gidanta, inda babu hanya kuma ba a dawowa.

Ta kwance na farko.

Can a gida Rana ta ji zare ɗaya ya yi sako-sako a hannunta. Ta ce, "Wayyo, Shuɗiya! Yarinyar nan tafiya za ta yi." Ga shi ba ta da ikon tashi, ga shi muryarta ba ta kaiwa can.

To, akwai wani ɗan yawo ana ce masa Gantalau, wani dunƙule baƙi ƙirin, ba gida, ba maƙwabci. Hanyarsa doguwa ce mai ratsa ta kowa, ya zo har gindin murhu, ya koma har bayan gidan Shuɗiya. A lokacin ba shi da wutsiya, ku riƙe wannan. Rana ta kira shi. Ta ɗauko sabon kasko ja wanda ta gina da hannunta, ta sa hannu can tsakiyar murhu inda ba ta ɗebar wa kowa, ta zaro garwashi kamar dunƙulen hannu. Ta sa a kaskon, ta binne shi da toka don kada ya mutu a hanya, ta kife murfi.

Ta ce, "Ungo. Ka kai wa Shuɗiya. Kada ka tsaya, kada ka buɗe, kada ka raba."

Ya ce, "To Inna. Tukuici fa?"

Ta ce, "Kai ma ka san al'ada. Wanda aka kai wa saƙo shi ke ba ɗan aike tukuici. Yi sauri, ɗan nan, ƙulli biyu suka rage."

Gantalau ya ɗora kasko a ka ya kama hanya, yana tafe yana ƙunƙuni. "Tafiyar nan duk tukuici ɗaya? Me Shuɗiya ta mallaka ban da iska? Ga gidaje bakwai reras a kan hanya, kowa zai yi murna a ce Inna ta tuna da shi." Nan take ya tsara 'yar waƙarsa. Ku riƙe ta, za ku taya ni.

"Salamu alaikum, masu gida,
Wuta ce daga murhun Inna,
Ɗan aike bai karya ba,
Tukuici, tukuici!"

Gidan farko na Uɗaridu ne, ƙaramin cikinsu, fuskarsa duk ramuka. Wannan ba ya zama. Kwana tamanin da takwas ya kewayo uwarsa, ya sake. Kafin Gantalau ya kai baiti na biyu ya wuce fyau, yana cewa, "Da rana ina soyuwa, da dare ina daskarewa, ba ni da lokacinka!"

Na biyu gidan Zara ne, wadda Malam ke ce wa Zuhura. Ita ce kuke gani da magariba ko da asuba tana ƙyalli ta fi kowa. Daga nesa sai ka ce amarya. Amma ta lulluɓe da gajimare, bargo kan bargo, zafin da ya shiga ba ya fita, har ta fi Uɗaridu zafi, shi da yake gindin murhu. Ko dalma aka ajiye a tsakar gidanta narkewa take yi. Ga ta da taurin kai, 'yan'uwa na juyawa nan, ita tana juyawa can, a hankali kamar ba ta so. Gantalau ya leƙa, hucin ya doke shi, ya ja da baya. Ya ce, "Tabɗi! Wadda ke dahuwa da kanta me za ta yi da garwashi?"

Sai ga gida na uku, kore da shuɗi, farin gajimare yana yawo a kai, Wata yana kewaya shi a nitse. Gidan Duniya ke nan, uwar 'ya'ya. Ita kaɗai ce ake jin kukan jarirai da carar zakara a gidanta. Gantalau ya gyara murya. Ku taya shi.

"Tukuici, tukuici!"

Duniya ta fito tana goge hannu a zane. Ta ce, "Ni Inna ta aiko wa? Allah sarki, kullum ina ganinta amma ba ta taɓa yi mini aike ba."

Ya ce, "Ke fa, Yaya. Ta ce ke ce 'yar lelenta."

Ya buɗe murfi, ya tone toka, ya ɓantari garwashi ya miƙa mata. Duniya ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta cika masa gora fal da ruwa, abin da ta fi kowa. Ya cusa a jaka ya goya a baya.

Gida na huɗu na Mirrihu ne, ja wur, don ƙasarsa duk tsatsa ce. Sanyi ya kama shi, ga ƙura, ga wasu 'yan watanni biyu suna bin sa, marasa fasali kamar dankalin da aka tsince aka bari. Gantalau ya rera. Mirrihu ya fito yana rawar ɗari. Ya ce, "Wuta? Kai madalla. Da can ina da rafuka, ka ga sawunsu nan a bushe. Yanzu ba ni da abin ba ka sai jar ƙasa." Gantalau ya yatsina fuska, amma ya sake tone toka, ya sake ɓantara, ya karɓi ƙunshin jar ƙasa. Shi dai a ba shi, ko mene ne.

A daidai nan, can ƙarshen hanya, Shuɗiya ta kwance ƙulli na biyu.

Gantalau bai sani ba, bai kuma damu ba. Ya ratsa wani fili mai cike da duwatsu suna ta shawagi, manya da ƙanana, ya ɓullo gidan Mushtari, babban wa. Kai, yara, wannan ƙato ne! In aka haɗa sauran bakwai aka ɗora a ma'auni, ba su kai rabinsa ba. Rigarsa ratsi-ratsi, a ƙirjinsa akwai wata jar guguwa da ta daɗe tana juyawa, faɗinta ya fi gidan Duniya duka. Watannin da ke kewaya shi kuwa sun fi kajin gidan nan yawa nesa ba kusa ba. Gantalau ya buɗe baki zai rera, sai Mushtari ya dube shi sama da ƙasa.

Ya ce, "Kai Gantalau, na wa ne saƙon?"

"Na... naka ne, Babban Yaya."

"Nawa? To me ya sa toka take a murfi, take a yatsunka? Inna ba ta aike da kaskon da aka tone."

Gantalau ya fara kame-kame. Mushtari ya fizgo shi ya kewaya da shi sau ɗaya, ya wurga shi gaba. Ya ce, "Wuce ka kai wa mai shi, ɗan banza!"

Da ni ce da na shiga taitayina. Amma shi ina! Yana dawowa hayyacinsa sai ya hango Zuhalu, ɗan kwalisar gidan, da wata malafa mai faɗi kewaye da shi tana walƙiya. Malafar nan ba kaba ba ce. Ƙanƙara ce da tsakuwa, gutsi-gutsi, ba iyaka, suna ta zagaya shi a jere. Yawun Gantalau ya tsinke. To, ku rera masa ta ƙarshe.

"Tukuici, tukuici!"

Zuhalu ya karkato malafa ya ce, "Inna ta kyauta. Ɗebi daga bakin malafar, amma kada ka ɓata mini tsari." Gantalau ya buɗe kasko karo na uku, a cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi. Ya ɓantara ya bayar, ya dumbuzi ƙanƙara ya cika jaka. Abin da ya rage na garwashi bai fi ƙwayar gero ba. Ya yi ja sau ɗaya, ya yi ja sau biyu, ya mutu murus.

Ya wuce gidan Yuranus bai ko yi sallama ba. Shi wannan a kishingiɗe yake tafiyarsa, yana mirginawa kamar tulun da aka kwantar, ba ruwansa da kowa. Daga nan sai duhu, sai shiru, sai tafiya mai tsawo, har ya fara jin kukan iska.

Ya tarar da Shuɗiya zaune, hannunta a kan ƙulli na uku. Ta ga kasko, ta miƙe zumbur. Ta ce, "Daga Inna?"

Ya ce, "Daga ita."

Ta ɗaga murfi. Toka. Ta sa yatsa ta tona. Toka ce dai, mai sanyi.

Ta ce, "Toka ta aiko mini?"

Ya ce, "Haka ta ba ni, haka na kawo. Ni ɗan aike ne."

"Ba ta ce komai ba?"

"Ta ce a gaishe ki."

Shuɗiya ta ajiye murfin. Zuciyarta ta karye, ba na ɓoye muku ba. Ta mayar da hannu kan ƙullin, ta fara ja. Har ya fara zamewa sai ta tsaya. Ta ce, "Bari tukuna. Ba a mayar da mazubi haka nan, sai an sa wani abu a ciki. Ko tafiya zan yi, ba zan mayar wa Inna da kasko wayam ba, a ce ba ta yi mini tarbiyya ba."

Ta juye tokar a gefen zanenta don ta share kaskon. Sai ta ga gindinsa. Sabon kasko ne ja, amma tsakiyarsa ta ƙone baƙi ƙirin, faɗin dunƙulen hannu, ƙunar ta ci ciki har ta tsaga shi. Ta ƙura ido. Toka ba ta ƙona kasko. Kuma ita a gaban murhun nan ta yi rarrafe, ta san garwashin gefe ƙanana ne. Mai wannan girma sai na tsakiya, wanda Inna ba ta ɗebar wa kowa. Ta kai kaskon hanci, ta ji ƙamshin hayaƙin gidansu.

Sai ta fashe da kuka. Ta ce, "Ashe na tsakiya ta ba ni. Ashe ni ta ba."

Ta kama zare ta mayar da ƙulli na uku, ta mayar da na biyu, ta mayar da na farko, ta ƙara na huɗu wanda ba a sa ta ba. Gantalau yana gefe yana kallon ƙafarsa.

To, me za ta sa a kasko? Ta duba gidanta, ba komai sai iska. Sai ta mayar da tokar ciki, hawayenta sun riga sun jiƙa ta, ta shafe samanta sumul, ta danna tafin hannunta a kai. Sanyi ya kame shi nan da nan. Ta kife murfi.

Ta ce, "Ga na Inna. Kai kuma buɗe jakarka in ba ka tukuici."

Ya ce, "A'a, bar shi, Yaya, na yafe."

Ta ce, "Haba, ana ƙin tukuici? Buɗe."

Ya ɗan buɗe bakin jakar. Ta kamfato iskar gidanta mai sanyi ta ɗura masa. Gora ta fashe, ruwan Duniya ya cakuɗe da jar ƙasar Mirrihu da ƙanƙarar Zuhalu, duk suka daskare suka manne masa a baya ƙam. Ya yi ya yi ya ɓamɓare, ina! Ya ce a ransa, "Oho dai, a baya yake, wa zai gani?"

Ya juyo gida. Da fari lafiya lau. Amma da ya wuce gidan Mushtari, ɗumin murhu ya fara taɓa shi, sai kayan bayansa suka fara narkewa suna tururi. Tururi da ƙura suka miƙe a bayansa, fari fat, dogo, dogo, har ya ratsa rabin sama. Yaran gidan Duniya suka fito suna nunawa, "Ga tauraro mai wutsiya! Ga tauraro mai wutsiya!" Duniya ta ɗaga kai ta gane ruwanta. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo ni, ashe rabon ƙanwata na ci!"

Gantalau ya iso gaban Rana yana fuskantarta, wutsiya a baya. Ta ce, "Mene ne wancan a bayanka?"

Ya ce, "Ba komai, Inna."

Ta leƙa dama, ya juya. Ta leƙa hagu, ya juya. Ta ce, "Bar wahalar da kanka, duk sama ta gani. Miƙo kaskon."

Ita ta riga ta ji zare ya yi ƙarfi a hannunta, ta san 'yarta tana nan. Amma ba ta san abin da ke cikin kaskon ba. Ta ɗaga murfi. Sai ga tafin hannu kwance a toka, yatsu biyar dogaye, har zanen tafin ya fito raɗau. Rabonta da hannun nan tun yana ɗan mitsitsi, yana kama mata ɗan yatsa. Ta ce, "Allah sarki. Ashe haka ta girma ban gani ba."

Ta miƙa nata hannun za ta ɗora a kai. Kafin ta taɓa, zafinta ya busar da tokar, ta ruguje, ta tashi. Kallo ɗaya ta samu. Rana ta daɗe riƙe da kaskon.

Can ta dubi Gantalau ta ce, "Ba zan dake ka ba. Amma duk ranar da ka matso kusa da ni, kayan da ka karɓa da sunana za su fito kowa ya gani, kuma kowane zuwa sai ka ragu." Shi ya sa har yau wutsiyarsa ba ta taɓa kallon Rana. In zai zo tana bayansa, in zai tafi sai ya ja da baya, ita a gaba, don kunya.

Shuɗiya kuwa wuta ba ta kai mata ba, har gobe gidanta da sanyi. Amma Lantana ta ce hasken da ya bar Rana da hantsi, wajen azahar ya isa can. Kullum yana isa, bai taɓa fashi ba. Da shi ne ma aka san zanenta shuɗi ne. Tana can yanzu haka tana kewayawa a hankali, da ƙulli huɗu a ƙugu.

To kun ji. Wanda aka ba saƙo ya kai shi yadda aka ba shi, don bai san abin da ke rataye a kansa ba. Wanda kuma saƙo bai iso masa ba, kada ya yi saurin cewa an manta da shi, ya duba gindin kaskon tukuna.

Af, Ladidi, yaushe kika matso har kika hau mini zane? Wannan rigar da ke jikinki ba babarki ce ta zauna ta ɗinke mata aljihu ana gobe za ta tafi ba? To. Share fuskarki, je ki ɗauko tuwon in ɗumama miki, akwai sauran garwashi a murhu.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, na kife murfin kaskona.